Ɗiyar yayana mai cikin wata shida ta haɗiyo ƙullin ƙwaya zuwa Jidda

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki sakaya sunana. Shekarata 19 a Jidda, ina da igama, wato takardar izinin zama, ina aikatau a gidan wasu Larabawa, 'ya'yana uku duk a nan na haife su. Ranar Litinin ɗiyar yayana ta sauka da bizar Umara, da cikinta wata shida. Mijinta ya tafi ci-rani ya bar ta da yara biyu da bashin haya, ta ce min wata hajiya ce ta biya mata kujera saboda Allah, na yi ta murna. Sai na lura ba ta cin komai sai ruwan shayi, kuma in ta shiga banɗaki sai na ƙwanƙwasa. Daren jiya na tarar da ita tsugune tana kuka, ga wani bokiti ta tura ƙarƙashin wurin wanke hannu. Ta ce a wani otal a Legas aka zaunar da ita ta haɗiye ƙullin ƙwaya guda 58 a daren Lahadi. Guda 31 sun fito, tun jiya da safe ba abin da ya ƙara fitowa. Cikinta yana murɗawa, ta yi amai sau biyu. Masu kayan sai kira suke yi, sun ce in ba ta man zaitun da sanamakki, za su aiko a karɓa. Sun rantsar da ita da Alƙur'ani, kuma sun san gidan mahaifiyarta a Kano. Anti, gaba kura baya sayaki. In na kai ta mustashfa, wato asibiti, sai askar, wato jami'an tsaro, sun shigo, kin kuma san hukuncin ƙasar nan, ga igamata ga 'ya'yana. Akwai wata nas 'yar garinmu da ke zuwa gida ta yi ƙarin ruwa. In kira ta?

Gwaggon wata, Jidda

Wa alaikumus salam Hajiya. Na riga na amsa miki ta waya a daren da saƙonki ya shigo, don irin wannan ba ya jiran ranar fitowar shafi. Da izininki nake maimaita abin da na gaya miki a nan, bayan na sauya duk abin da zai sa a gane ku.

Kada ki kira nas ɗin nan. Ki kira 997, motar asibiti ta Hilal Ahmar, ko 911, yanzu, kafin ki ƙarasa karanta sauran. 'Yarki tana buƙatar babban asibiti mai ɗakin tiyata da ɗakin kulawa ta musamman da ɗakin haihuwa duk a gini guda. Mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, ba shi da ko ɗaya a ciki, ita kuma nas da jakarta da ledar ruwanta, ko ta fi kowa tausayi, ba abin da za ta iya in ƙulli guda ya huje. Za ki jefa ta cikin rigimar ne kawai, ta zama ta uku.

Bari in gaya miki abin da ke cikin yarinyar nan, don na ga kamar askar kike kallo, ba ki waiwayi bokitin ba. Kowane ƙulli irin wanda kika gani, mai girman babban yatsa, yakan ɗauki kusan gram 10 na hoda. In hodar iblis ce, wato koken, gram ɗaya tak in ya shiga jini lokaci guda yana iya kayar da ƙato. Saura 27 a cikinta. Abin da ya raba ta da wannan guba leda ce da roba da kaki, waɗanda suka kwana huɗu a jiƙe cikin ruwan tsamin ciki, hanji yana murza su dare da rana. Kuma koken ba shi da makari. Babu wata allura a duniya da za a yi wa mutum ta karya shi. In ya fashe, abin da ya rage shi ne a danne jijjiga, a sauke zafin jiki, a ruga ɗakin tiyata a kwashe sauran, kuma ana lissafin wannan da mintoci ne. Daga ɗakinki zuwa teburin tiyata, a cunkoson Jidda, mintocin sun ƙare a hanya.

Mutanen nan ba don tausayi suka zaɓi mai ciki ba. Sun san jami'an matar, wato filin jirgi, ba sa gaggawar saka mai juna biyu a na'urar hoto, sun san tudun cikinta zai rufe kumburi, in ta ƙi cin abinci a jirgi ko ta yi amai kowa zai ce laulayi ne. Abin da ba su gaya mata ba, in ma sun damu su sani, shi ne jikin mai ciki ya fi kowane jiki rashin dacewa da wannan kaya. Goyon ciki da kansa yana sanyaya hanji, shi ya sa kowace mai ciki ke kukan taurin bayan gida. Ƙara da jan maganin ƙarin jini na awo, ƙara da mahaifar wata shida da ta ture hanji gefe ta danne, sannan ƙara da ƙwayar tsayar da gudawa da suke ɗura wa 'yan aikensu don kada kaya ya fito a jirgi. Ki tambaye ta, za ki ji sun ba ta. Hanji ya yi barci ke nan, kaya ya daɗe, roba tana ta laushi. Sannan sinadarin da ke cikin jini mai narkar da koken yana raguwa lokacin goyon ciki, zuciyar mai ciki kuma ta fi saurin jin zafinsa. Adadin da wani namiji zai sha wuya ya tashi, ita yana iya tafiya da ita. Ga ɗan tayi kuma: koken yana ratsa mabiyiya, yana matse jijiyoyin da ke kai wa mahaifa jini, yana iya ɓamɓare mabiyiya daga jikin mahaifa tun ba a haihu ba. Wannan ɓamɓarewar ita ce zubar jinin da ke kashe uwa da ɗa a tare, wani lokaci ma jinin a ciki yake taruwa, ba a ganin ko ɗigo a zane.

Maganar man zaitun da sanamakki kuwa, Hajiya, ki riƙe hannunki. Na san a kowane gidan Bahaushe a ƙasar nan akwai kwalbar zaitun da ƙullin sanamakki, wanda a gida muke kira filasko, kuma da su muke wankin ciki tun kakanni. A nan guba ne. Mai yana cin roba, kowane irin mai, na zaitun ne, na habbatus sauda ne, ko na zurma. Na zurma ma yana iya tayar mata da naƙuda. Sanamakki kuma aikinsa shi ne ya sa hanji ya yi ta matsa da ƙarfi. In hanya ta riga ta toshe, kin sa ana matse ƙulli a jikin ƙulli ke nan. Haka jiƙon kanwa, haka tsamiya, haka sa yatsa a maƙogwaro, haka bin dubura da ruwa ko hannu. Wanda ya ce miki ki ba ta mai, kayansa yake so ya fito yau, ko daga rayayya ko daga gawa duk ɗaya ne a wurinsa.

Abin da kika faɗa ma, murɗa da amai da tsayawar bayan gida yini da kwana, alama ce ta toshewar hanji har sai likita ya ce ba ita ba ce. Ba mu cikin masu jira a gani.

Kafin mota ta iso, ki kwantar da ita a gefen hagu, ki sa filo a bayanta. In mai cikin wata shida ta kwanta rigingine, nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Kada ta ci komai, kada ta sha komai, don mai yiwuwa a yi mata tiyata a daren nan kuma ana son tumbi wayam. Zamzam ɗin da na san kin ɗauko, ki yi tofi ki shafa mata a fuska da ƙirji. Ki zauna kusa da ita ki kalli idonta da numfashinta. In kika ga baƙin idonta ya buɗe, zufa na keto mata, jikinta ya ɗau zafi, zuciya na dukan uku-uku, ta kasa zama wuri ɗaya ko ta fara sambatu ko ta dafe ƙirji, to koken ne ko danginsa ya fara zuba: ki ƙure na'urar sanyi, ki rage mata tufafi, ki yi ta goga mata jiƙaƙƙen tawul. In kuwa baƙin idon ya tsuke kamar kan allura, barci na fizgarta, numfashi na ja baya, leɓe na sauya launi, to hiroyin ce. Ita tana da makari, allurar naloksan, ana kuma yi wa mai ciki ita ba tare da jinkiri ba. Kada ki ce barci ya ɗauke ta bari ta huta. Ki tashe ta, ki sake kiran masu motar ki faɗa musu abin da ya sauya. In ta fara jijjiga kada ki cusa mata cokali a baki, kada ku danne ta, ki kawar da abin da zai buge ta ki bar ta a gefenta. Kada kuma ki dogara da abin da aka ce mata ta haɗiya. Akwai wadda aka ce wa zinare ne, akwai wadda aka ce wa maganin gargajiya ne. Ki tura babban ɗanki bakin babban titi ya tare motar. Tun da aka rushe unguwannin su Karantina da Gulail da Sabil muka warwatsu cikin lungunan da ko mu kanmu sai da kwatance, kada mota ta ɓata minti goma tana neman ƙofarki.

Yanzu abin da ya fi nauyi a baki. In sun zo, ki faɗi gaskiya tun a bakin ƙofa. Shekara 19 a Jidda, Larabcinki ya ishe ki. Kada ki ce magas ne, wato ciwon ciki. Ki ce hamil ce, wato mai ciki, a wata na shida, ta haɗiye akyas na mukhaddarat, wato ƙullin ƙwaya, tun kwana huɗu, adadi kaza, kaza sun fito. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ina da dalilin nacewa a kan wannan. Shekarun baya, ina aikin dare a ɗakin haihuwa na wani asibiti a garin nan, aka turo mana wata baƙuwa, cikinta ya kai wata bakwai, tana jijjiga, jininta ya hau sama. Duk wadda ta taɓa aikin ungozoma, in ta ga mai ciki da hawan jini da jijjiga, abu ɗaya za ta ce: jijjigar masu ciki. A kan wannan muka ɗora ta. Mata biyu da suka rako ta suna tsaye a bakin ƙofa, da na ji suna Hausa na fita na tambaye su, ta ci wani abu, ta sha wani abu? Suka ce wallahi lafiyarta ƙalau, yanzu-yanzu abin ya same ta. Abin da ya tsaya min a rai zafin jikinta ne, kamar ka taɓa murfin tukunya, ga zanen gado ya jiƙe sharkaf, ga idon nan a buɗe. Sai da aka shiga da ita don ciro ɗan, hannun likita ya ji tauri a hanji, a jere kamar carbi. Kusan awa biyu muka yi muna maganin ciwon da ba shi ba ne. Da na fito neman matan, ba kowa a benci sai takalmin marar lafiyar a cikin leda. Ɗan ya rayu a kwalba. Uwar ba ta ga fuskarsa ba. Kalma ɗaya daga bakinsu da ta sauya komai, har da irin maganin hawan jinin da za a zaɓa, domin akwai wanda ake ba masu hawan jini kullum amma likitoci ke kauce masa in koken ne a jiki.

A asibiti ga abin da za ki tarar, don kada ya zo miki a ba-zata. Za a sa mata ruwa, a maƙala mata na'urar bugun zuciya, a ɗaura wata a cikinta ta sauraron ɗan. Da sikanin za a fara, irin na awo, amma shi ba ya iya ƙirga ƙulli, ba ya kuma iya cewa sun ƙare. Don haka kada ki tayar da hankali in likita ya ce sai an yi hoton haske ko na siti sikan. Mun taso da jin cewa ba a yi wa mai ciki hoto, kuma a kan wannan tsoron ne masu kayan suka gina sana'arsu. Hasken da ke cikin hoto guda bai kai adadin da likitoci ke tsoron yana nakasa ɗan tayi ba, balle a wata shida da halitta ta riga ta cika. In an kawo takarda, ta sa hannu. In aka duba aka ga hanji bai toshe ba kuma babu alamar guba, za a ba ta wani ruwan wankin hanji na musamman, mai yawa, lita bayan lita, wani lokaci ta siririn tiyo a hanci. Shi ba ya cin roba, ba ya kuma tsokanar hanji, turawa kawai yake yi a hankali. Ana iya haɗawa da gawayin asibiti mai kama guba. Za a yi ta ƙirgawa har ta yi bayan gida wayam fiye da sau ɗaya, a sake hoto a tabbatar. Yawancin waɗanda suka isa asibiti kafin fashewa ta wannan hanyar suke rabuwa da kayan, ba tare da wuƙa ba. In kuwa hanji ya toshe, ko kaya ya tsaya cak, ko guba ta fara, to tiyata ce, kuma tiyatar hanji ba ta nufin dole a ciro ɗan. Ana yi wa masu ciki aiki a ɗinke, cikin ya ci gaba har watansa. In suna tsoron haihuwa za ta zo da wuri, za su yi mata allurar da ke nunar da huhun jariri, wadda ake yi tsakanin mako 24 da 34, su tanadi kwalba. Bakwainin wata shida da 'yan kai yana da rabon rayuwa a babban asibiti. A kan tabarmar ɗakinki ba shi da shi.

To, askar. Ba zan yaudare ki ba, asibiti za ta sanar da hukuma, za a sa mata mai gadi a bakin ɗaki, ke ma za a yi miki tambayoyi. Tsoronki kuma ba na banza ba ne. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasar nan, ta shekarar 1426 Hijira, wato 2005, a sashe na 37 ta tanadi kisa ga mai shigo da ƙwaya ta fasa-ƙwauri, ko da yake ta bar wa kotu damar sassautawa zuwa ɗaurin da bai gaza shekara 15 ba. An dakatar da zartar da kisa kan laifin ƙwaya na kusan shekara uku, aka dawo da shi a Nuwamba 2022, a 2024 kaɗai an zartar wa fiye da mutum 100, akasarinsu baƙi, har da 'yan Najeriya. Mace ma ba ta tsira ba don tana mace, a Afrilu 2019 an zartar wa wata 'yar Najeriya a Makka. Duk wannan gaskiya ne.

Amma akwai abin da masu kiran wayar nan ba za su taɓa karanta miki ba. A cikin dokar dai, sashe na 61 ya ce wanda ke cikin laifin, matuƙar ba shi ne ya kitsa ba, in ya riga ya kai rahoto kafin hukuma ta sani, ana yafe masa hukuncin. In kuma hukuma ta riga ta sani, yafewar tana rataye da bayaninsa ya kai ga kama sauran. 'Yarki ta wuce matar ba a tare ta ba. A daren nan, ƙofar farko a buɗe take. Alƙali ne mai yanke hukunci, lauya ne zai bi muku kadin wannan sashe, amma bambancin wadda ta kawo kanta da bakinta da wadda aka kwaso a sume, a gaban doka ba ƙarami ba ne. Shi ya sa na ce miki bayan kin kira motar asibiti, ki kira 995, layin hukumar yaƙi da ƙwaya, ki ba ta wayar ta faɗa da muryarta in tana iyawa, ki rubuta lokacin da aka yi kiran. Sannan ko abu ya kai inda ba ma fata, shari'a ba ta zartar wa mai ciki hukuncin kisa sai ta haihu ta shayar, tun daga hukuncin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa matar nan Bagamidiya. Hukuncin kisa kuma sai ya bi ta kotun ɗaukaka ƙara da kotun ƙoli da umarnin sarki. Wannan duk lokaci ne, na lauya, na ofishin jakadanci, na roƙo. Ƙullin da ke cikinta ba ya ba da ko kwana ɗaya.

Ke kuma, Hajiya, ki saurare ni da kyau, don na ji kina lissafin igama da 'ya'ya, kuma ban ga laifinki ba. Ki yi lissafin har ƙarshe. A ce kin yi shiru, kin ba ta mai, gobe da asuba kin tarar da ita ta yi sanyi. Gawa ce a ɗakinki, mai ciki, da ƙulli 27 a hanjinta da 31 a bokitinki. Ba a binne mutum a ƙasar nan ba takarda, takarda kuma sai likita ya duba. Mutum ɗaya da zai iya buɗe baki ya ce Gwaggo ba ta san komai ba, ita ce kwance a zane. Wa zai fitar da ke? Ko a ce ta rayu, kayan sun fito, kin miƙa wa ɗan aike a bakin ƙofa. Sashen nan na 37 bai tsaya kan mai shigowa ba, ya haɗa da wanda ya karɓa daga hannunsa da wanda ya haɗa baki. Jiya ke mai masauki ce da aka yaudara. Ranar da hannunki ya miƙa ledar nan, kin shiga sahu. Kuma wanda ya ga kin yi sau ɗaya, ya sami gidan saukar baƙi ke nan har abada.

Don haka bokitin nan, kada ki zubar a masai, kada ki jefa a shara, kada ki ba kowa. Ki rufe shi, ki kulle banɗakin saboda yara, ki nuna wa hukuma inda yake. In kin hango wani ƙullin da ya yage ko ya saki, ko ɓallin leda shi kaɗai, kada ki taɓa da hannu, amma ki gaya wa likita tun farko, domin ya nuna irin ɗaurin da sauran ke da shi. Wayarta kuma ita ce shaidarta: lambobin, saƙonnin murya, hoton tikiti, sunan otal, wanda ya yi mata biza. Kada ta goge ko ɗaya. In sun sake kira kada ki yi musu barazana, kada ki gaya musu inda za ku. Ki kai yaranki gidan wadda kika yarda da ita kafin gari ya waye. Da safe ki sanar da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke nan Jidda, a rubuce, ki nemi tafinta da lauya, kuma ki ja mata kunne kada ta dangwala yatsa a kan takardar Larabci da ba a fassara mata ba.

Kin tuna ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Madina a ƙarshen 2018 saboda jakar da aka liƙa wa sunanta? Abin da ya fitar da ita a Afrilu 2019 shi ne iyayenta ba su yi shiru ba, hukumar NDLEA mai yaƙi da ƙwaya a Najeriya ta bi sawu ta gano masu aikin a filin jirgin Malam Aminu Kano. Na san ba ɗaya ba ne, waccan ba ta san komai ba, taki kuwa da bakinta ta haɗiya. Abin ɗauka a ciki shi ne bincike daga can gida yana tasiri a nan. Ki kira yayanki yau, duk da nauyin maganar, ya ɗauke mahaifiyarta da yaran su koma wani wuri na ɗan lokaci, ya kai bayanin hajiyar nan mai biyan kujera saboda Allah ga NDLEA. Barazanar mutanen nan da sirri take rayuwa. In magana ta riga ta isa hannun hukuma a ƙasa biyu, taɓa tsohuwa a Kano ba abin da zai ƙara musu sai matsala.

Rantsuwar da ta yi kuma, wadda na san ita ce ta fi hana ta barci, ki gaya mata rantsuwa a kan saɓo ba a cika ta, karya ta ake yi a yi kaffara: ciyar da miskini goma ko tufatar da su, in babu hali azumin kwana uku. Wannan ma sai ta sauka lafiya. Wanda ya ɗora Alƙur'ani a hannun mai ciki don ta ɗauko masa guba zuwa ƙasa mai tsarki, shi ne ya kamata ya ji tsoron Littafin.

Na ji a muryarki kina cike da haushinta, ta ci amanarki, ta shigo miki da wuta gida. Haka ne. Za ki yi mata faɗan, da ni da ke ma in kina so, amma ba yau ba. Yau in ta ga fuskarki a ɗaure za ta rage adadi, ko ta ɓoye cewa ta ga jini, ko ta ce ciwon ya lafa don kada ta ƙara ɓata miki. Ki riƙe hannunta ki tambaye ta a hankali: nawa ne takamaimai, ƙarfe nawa ta fara haɗiya, wace ƙwaya suka ba ta ta sha, ɗan yana motsi kamar yadda ya saba, ta ga jini ko ruwa? Ki rubuta amsoshin a takarda, don in ta suma a hanya ke ce bakinta.

Ki saka fasfonta da katin awonta in ta zo da shi, da sauran magungunan da ke jakarta, da igamarki, da cazar waya, duk a jaka ɗaya. Ki ɗaukar mata zane biyu da abaya mai buɗewa ta gaba. Ki shiga motar tare da ita.